Siririyar Safaya a Hanyar Tahoua

Watana biyar da barin Kano zuwa Tahoua, inda kawuna ya kira ni in riƙe masa lissafin cinikin albasa, tayar motata ta fashe a kan hanya. Kafin wannan rana ban cika jin cewa a wata ƙasa nake ba, domin Hausa nake ji a kasuwa da masallaci, ko da yake Hausar Adar ce wadda ke mayar da "fa" ta koma "hwa", kuma kunnena ya riga ya saba da isansi a maimakon fetur, da kamiyo a maimakon babbar mota. Na ɗauka bambancin bai wuce na waɗannan 'yan kalmomi ba.

Motar Corolla ce, na saye ta a Yamai cikin irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano bayan sun gama aikinsu a Turai. Ranar ciniki na sa an duba inji da giya da takardu, amma ban ɗaga shimfiɗar but ba, saboda a saninmu safaya taya ce kamar sauran huɗun. Haka take a Peugeot 504 ta mahaifina wadda na koyi tuƙi da ita, kuma ban taɓa tunanin akwai wata iri ba.

A cikin watan Afrilu ne, lokacin da zafin Adar kan haura digiri 40. Na fito daga Galmi bayan la'asar da buhu biyu na albasa a but, na wuce Malbaza, na karya kwana a Tsernawa na ɗauki hanyar arewa. Na yi tafiya mai ɗan dama sai na ji sitiyari yana fizga dama, ƙasan motar yana wani irin gurnani. Ban taka birki da ƙarfi ba, na ɗage ƙafa daga totur na bar ta ta rage gudu da kanta, sannan na sauka gefen kwalta. Tayar gaba ta dama ta kwanta gaba ɗaya. Na ajiye alamar nan mai kusurwa uku a bayan motar, na sauke buhunan, na ɗaga shimfiɗa, sai na tarar da wata siririyar taya wadda faɗinta bai wuce tafin hannu da kaɗan ba, da takarda mai ruwan ɗorawa manne a jikin ƙarfenta an rubuta 80 km/h.

Wani dattijo da ke komowa daga gona a kan amalanken jaki ne ya fara tsayawa. Bai tambaye ni ko ina bukatar taimako ba, ya dai yi sallama ya ce, "Sannu ɗana, Allah ya tsare gaba," sannan ya dubi ƙasar da motar ke kai ya girgiza kai. Yashi ne, kuma jak ɗin da ke zuwa da irin waɗannan motoci gindinsa ƙarami ne, da zarar nauyi ya hau kansa nutsewa zai yi, ko ya goce motar ta faɗo. Dattijon ya zaro wani guntun katako daga amalankensa ya shimfiɗa a ƙasa, ya kuma ɗauko duwatsu biyu ya tokare tayoyin da za su tsaya a ƙasa. Na ce, "Baba, na gode," ya ce godiya ta Allah ce, ya tsuguna gefe yana kallo.

Da na danna safayar da babban yatsa sai ta lotsa. Shekarun da ta yi kwance a cikin duhun but sun zuƙe mata iska, domin taya ko ba a hawa ta iskarta na tsiyayewa a hankali. A nan ne hankalina ya tashi sosai, don rana ta fara sunkuyawa, kuma ba ni da famfo.

Wani direban kamiyo da ya nufi Tahoua ya ga alamar ya tsaya. Manyan motoci da iska birkinsu ke aiki, saboda haka suna da tankin iska, kuma direbobi da yawa kan riƙe doguwar tiyo da geji. Ya jawo tiyon ya tambaye ni, "Malam, kilo nawa ta ka sha?" Ban fahimci tambayar ba. A Kano mai faci da talatin da biyar ko arba'in yake magana, ma'aunin da ake rubutawa PSI, kuma a jikin safayar na ga an rubuta 60 PSI. Na ce masa sittin, ya dube ni da mamaki, domin a nan da wani ma'auni mai suna bar ake aiki, wanda masu garaji ke kira kilo, kuma ƙaramar mota ba ta cika wuce kilo biyu da rabi ba. Sai na lura a gefen sittin ɗin an rubuta 420 kPa, wato bar 4.2. Na ce masa kilo huɗu da ɗan ɗoriya. Ya ce, "Haba Malam, ai sai ta hwashe." Sai da na nuna masa rubutun da yatsa ya karanta da kansa ya yarda. Dalilin kuwa a fili yake: tayar da ke da ƙaramin ciki ba za ta ɗauki nauyin da babba ke ɗauka ba sai an matsa mata iska kusan ninki biyu.

Shi ma ya koya mini abin da ban sani ba. Da na nufi gaba da safayar sai ya tsayar da ni, ya ce wannan mota da ƙafafun gaba take ja, kuma su ne ke juyawa da ɗaukar mafi yawan birki, don haka kada a ba mai rauni aikin ƙarfi. Ya ce a ciro lafiyayyar tayar baya a kai gaba, siririyar ta zauna a baya. Daga baya na fahimci wani dalilin kuma, wato safayar ta fi sauran gajarta, saboda haka tana juyawa da sauri fiye da 'yar'uwarta, abin da ke wahalar da kayan da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin gaba biyu. Aikin ya zama biyu ke nan. Muka sassauta notoci tun motar tana ƙasa, muka ɗaga baya muka canza, muka matsar da katakon Baba muka ɗaga gaba, kuma kowane ɗauri sai ya sa na tsallake noti ɗaya in kama na gaba da shi, har ƙarfen ya zauna daidai.

Buhunan albasa kuwa ya ce ba za su koma but ba, domin nauyinsu a kan siririyar zai sauka. Ya sa yaron motarsa ya jefa su sama, ya gaya mini inda zan same shi a tasha da safe. Ban san sunansa ba a lokacin, shi ma bai tambayi nawa ba, ya dai tambayi ɗan gidan wa nake, da na ambaci kawuna ya ce ya san rumfar. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, Baba ma ya ɗauki katakonsa ya kaɗa jakinsa.

Na kama hanya ban wuce kilomita 60 a awa ba, duk da an yarda da 80, saboda ramuka da kuma yadda bayan motar ke ɗan rawa a kowace kwana. A Badagishiri na tsaya wurin mai faci ana kiran magariba. Ya cusa wa tayar da ta fashe iska ya zuba mata ruwa, sai kumfa ta fito daga gefenta, inda wani ƙarfe ya tsaga ta. Ya ce da a tafin tayar ne, inda ke taka ƙasa, da ya toshe mini nan take, amma gefe kullum lanƙwashewa yake yi, faci ba ya riƙe shi, kuma ba zai karɓi kuɗina ya sa ni cikin hatsari ba. Ladan dubawa ya ce dala arba'in. Na fara neman sefa arba'in a aljihu, sai ya tuna mini cewa dala sefa biyar ce, wato 200 ke nan, kuma jika ita ce 1,000. Na san wannan lissafi a rumfar kawu, inda da alƙalami nake yin sa, amma a bakin hanya cikin gajiya sai kaina ya koma lissafin naira.

Sauran tafiyar cikin duhu na yi ta, na tsaya sau biyu ina taɓa safayar don in ji zafinta. Masu ƙera irin wannan taya sun yi ta ne don tafiyar da ba ta wuce kimanin kilomita 80 ba, kuma a ganina sun yi ta ne suna tunanin ƙasashen da ke da shagon taya a kowane gari. A nan kuwa daga Tahoua zuwa Ƙonni kaɗai ya haura kilomita 100, zuwa Yamai ya haura 500, ga zafin kwalta, ga hanyoyin karkara na jar ƙasa da nake bi zuwa gonakin albasa. Ban ga laifin tayar ba, ta kawo ni gida bayan isha'i, amma ba ta dace da aikina ba.

Washegari na karɓi buhunana a tasha, ɗaurinsu yadda yake. Direban ne ma ya raka ni wurin masu sayar da tayoyin hannu, ya tsaya mini a ciniki, ni kuma na nuna masa lambobi huɗu da ke ƙarshen rubutun DOT a gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, muka ajiye biyu da suka tsufa duk da zanensu na da kyau. Na sayi taya biyu da ƙarfe ɗaya, ɗaya ta maye wadda ta tsage, ɗaya ta zama cikakkiyar safaya. Ramin da ke ƙasan but bai ɗauke ta ba, don haka a sama take kwance tana cin wurin buhu guda, siririyar kuma tana ƙarƙashinta, da guntun katako da famfon ƙafa a gefe. Duk ranar Juma'a ta farkon wata nakan biya wurin mai facin unguwarmu, in ce masa ya duba mini ta ƙasan ma, kilo huɗu da ɗigo biyu.