Hotunan Gwaggo da suka ƙi buɗewa

Gwaggona ta zo Umra a azumin bara, ta sauka gidanmu a Shara Mansur. Tun daga Madina take ɗaukar hoto: Kuba, Dutsen Uhudu, shimfiɗar buɗa baki a Masallacin Annabi, har ta iso Makka. Kafin daren ashirin da bakwai wayar ta cika maƙil. iPhone ce ɗanta ya saya mata. Da la'asar ta miƙo min ita ta ce, "Babana, kwashe min su ka zuba a naka injin, ka samar min wuri. Kada daren nan ya wuce ban ɗauki komai ba." Sunan mahaifinta gare ni, shi ya sa ba ta kiran sunana.

Na jona kebul da kwamfutata mai Windows 10, na shiga foldar DCIM, inda wayar ke ajiye hotuna, na kwafe komai. Da na ga adadin ya yi daidai sai na goge na cikin wayar. Ban tsaya nan ba, na bi su har wurin da waya ke ajiye abin da aka goge na kwana 30, na share, don wuri ba ya samuwa sai an yi haka. Ko hoto ɗaya ban buɗe na duba ba. Aka kira sallah, muka sha ruwa.

Bayan tarawi na zauna in nuna wa yara. Maimakon fuskar Gwaggo, sai farar takarda jere reras, kowacce sunanta ya ƙare da HEIC. Na danna ta farko, kwamfuta ta ce ba za ta iya buɗewa ba. Ta biyu ma haka. Gabana ya faɗi. Matar nan shekara nawa tana adashi saboda wannan tafiya, ga shi na goge na asali da hannuna. Na sauya ƙarshen sunan wani ya koma JPG, a banza, don suna kawai na taɓa, abin da ke ciki yana nan yadda yake.

Washegari na je wurin wani yaro Bakano mai gyaran waya a unguwa. Yana gani ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinka, babu abin da ya same su." Ya yi min bayanin cewa tun 2017, da fitowar iOS 11, iPhone ta koma ajiye hoto da tsarin HEIC, bidiyo kuma da HEVC. Dalili shi ne tsimin wuri: hoto ɗaya yakan ci kusan rabin abin da JPEG zai ci, kuma kyansa bai ragu ba. Shi kuwa JPEG tun 1992 yake, shi ya sa babu na'urar da ba ta san shi ba. Kwamfutata dai ba ta da manhajar karanta sabon ne kawai. Ƙananan manhajoji biyu ya saukar min daga kantin Microsoft, ta HEIF mai buɗe hotunan HEIC kyauta, ta HEVC kuma da 'yan riyaloli kaɗan. Nan take ga Gwaggo tsaye a gaban Kuba da farin mayafinta, tana kare rana da hannu. Sai da na yi hamdala da ƙarfi.

A nan na fahimci sauran tarkacen da na gani a foldar. Kusan kowane hoto yana da ɗan bidiyo na MOV mai suna iri ɗaya da nasa. Ashe hoto mai motsi ne, wayar kan ɗauki kamar daƙiƙa 3 tare da shi. Akwai kuma ƙananan fayil na AAE, waɗanda bayanin gyaran da aka yi wa hoto ne, ba hoton ba. Ya kuma nuna min wani zaɓi a saitin hotuna: ko wayar ta juya su zuwa JPEG da kanta yayin turawa kwamfuta, ko ta bar su yadda suke. Ta Gwaggo a kan na biyun take.

Buɗewa a kwamfutata bai gama magana ba, domin niyyarta ta kai su a wanke a Kano, ta rataye a falo, ta raba wa 'yan uwa. Ban san injin da mai wankin hoton yake da shi ba, don haka dole in mayar da su JPEG. Wani ya ce in ɗora su a shafin intanet mai juyawa kyauta. Na ƙi. A ciki akwai hotunanta da matan gidanmu a ɗaki, babu mayafi, ba zan miƙa su wurin da ban san mai shi ba. Da manhajar da ke aiki a cikin kwamfuta na juya su, na ajiye na HEIC a folda dabam ban taɓa su ba. Ta WhatsApp ma ban tura ba, don yana matse hoto sai dai in an aika shi a matsayin fayil, kuma a takarda babba matsewar take fitowa fili.

Filashin da na saya mata ya ƙi karɓar wani dogon bidiyon ɗawafi, alhali da sauran wuri. Tsarinsa FAT32 ne, ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya haura giga 4. Na mayar da shi exFAT tun kafin in sake zuba komai, don sauyawar tana share abin da ke ciki.

Ranar da za ta wuce Jidda na tambaye ta ko in saita kyamarar ta riƙa ɗauka da JPEG kai tsaye, amma wayar za ta fi saurin cika. Ta ce, "Babana, sa min wanda kowa zai iya buɗewa." Na saita. Na soka filashin a kwamfutar maƙwabcinmu, muka bi hotunan tare da ita, tana faɗa min sunan kowace mata da suka yi sahu ɗaya. Sannan ta ƙulle shi a bakin zane, ta tura cikin jakar fasfo.