"Ɗana, kai ne na nawa yau?"

Lokacin da muna ɗaliban likitanci, muka gama fama da littattafai da ɗakin gawa aka turo mu wajen masu rai a asibiti, akwai wani dattijo a gadon bakin taga wanda saifarsa ta kumbura har ta gangaro kusa da cibiya. Irinsa muke kira "kes mai kyau", kalmar da in na tuna yanzu kunya ke kama ni, don shi mai ciwon bai ga wani kyau a ciki ba. Kowa so yake ya taɓa cikin nan tunda ba kullum ake samun saifar da hannun ɗan koyo zai ji ba, ga mu takwas a rukuninmu, ga 'yan ajin gaba, ga masu shirin jarrabawa.

Da safe wajen raun, wato zagayen duba marasa lafiya, babban likita ya ce masa, "Baba, yaran nan za su duba ka, ba damuwa ko?" Ya ce ba komai. To me zai ce dama? Wanda zai rubuta maka magani yana tsaye a kanka, fararen riguna sun zagaye gado, ai ko kana da damuwa haɗiye ta za ka yi.

Da yamma na koma ni kaɗai, gaisuwar kirki ma ban yi ba na ja labule na ce ya ɗaga riga. Sai ya riƙe min hannu, ba da faɗa ba, ya ce, "Ɗana, kai ne na nawa yau?" Na yi shiru. Ya ce shi ya ƙirga, ni ne na goma sha ɗaya, kuma duk cikinmu ba wanda ya gaya masa abin da muke lalube. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na jawo kujera na zauna, na ce masa ni ba likita ba ne tukuna, ɗalibi ne, na nuna masa inda saifa take zama a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu da yadda tasa ta fito, na ce in ya gaji in tafi. Ya ɗan yi dariya ya ce tunda na zauna in taɓa. Ina ɗora hannu ya ce, "A'a, ba nan ba, wanda ya iya daga ƙasa ta dama ya faro, sannan ya ce in ja numfashi." Kuma gaskiyarsa, haka ake yi.

Daga nan na daina bari a kira ni likita ina shiru, abin da da yawanmu ke yi don tsoron kar a kore su. Abin mamaki ba a cika korar ba. Mafi yawan waɗanda na tambaya sun yarda, wasu ma sun fi son ɗalibi saboda shi ke da lokacin zama ya ji labarin ciwo tun daga farkonsa, babban likita kuwa minti biyar ya wuce gado na gaba. Mutane sun san ba a koyon aikin nan a allo, tun zamanin likita William Osler a asibitin Johns Hopkins na Amurka wajen 1890 da wani abu ake kai ɗalibai bakin gado. Abin da ba sa so shi ne a yi musu ba-zata, ko a tsaya a kansu ana turanci kamar ba sa wurin.

Inda na sha "a'a" sosai shi ne ɓangaren mata da haihuwa, kuma da farko haushi nake ji, ina cewa to ta yaya zan koya. Abokan karatuna mata su ma sun sha irinta wajen maza masu gwaiwa ko matsalar fitsari. Kunyar nan ba sabuwa ba ce, abin sauraron ƙirjin da muke ratayawa a wuya ma ita ta haife shi: a 1816 wani likita mai suna Laennec a Faransa ya ji nauyin ɗora kunnensa a ƙirjin wata budurwa, sai ya naɗe takarda ya saurara ta ciki. Wata tsohuwar nas ce ta gyara min, ta ce in tsaya a waje ita ta shiga ta tambaya tun matar tana cikin kayanta, ba sai ta kwanta ba. Wasu sun yarda, wasu sun ƙi, amma wadda ta yarda ɗin ba ta ƙanƙame jiki. Wadda aka yi wa allurar barci don tiyata kuwa ba ta da bakin ƙi, shi ya sa a Afrilun 2024 hukumar lafiya ta Amurka ta ce sai da izini a rubuce kafin ɗalibi ya duba al'aurarta.

Yanzu ni ke jan ɗalibai a baya. Nakan bar su a bakin ƙofa in shiga in tambayi mara lafiyar ni kaɗai, in ce ƙin yarda ba zai taɓa maganinsa ba, kuma fiye da uku ba sa taɓa mutum ɗaya a rana. Makon jiya wata mama mai sautin zuciya irin wanda ake nema ruwa a jallo ta ce yau dai a ƙyale ta, wani yarona ya fara ƙunƙuni wai jarrabawa ta matso. Na ce ya je ya gaishe ta, ya tambaye ta yaya ta kwana, ya bar abin sauraron a aljihu. Da na leƙo bayan rabin awa yana nan zaune, ita ke ta ba shi labari.