Kabad ɗin Hajiya da fitsarin muzuru

Ranar Alhamis da ta wuce na miƙa wa maigida makullin shago. Shekara 9 ke nan ina ƙarƙashinsa, tun ina ɗaukar katako da sharar garin zarto har na zama ni ke riƙe da guga da fenti. Mun rabu lafiya, ya sa min albarka, na yi masa godiya. Amma duk wanda ya zauna a layin kafintocinmu ya san akwai maganar da ba mu taɓa warwarewa ba ni da shi, wato maganar kabad ɗin Hajiya. Yaran da suka zo bayana guntu-guntu suke jin labarin, kuma yawanci daga bakin da ya ɗora min laifin duka.

A shekarata ta huɗu ne, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40 kuma ko guduma ka bari a rana ba ta taɓuwa. Wata Hajiya daga Mabera ta aiko da kabad a bayan mota. Na madaci ne, tsohon aiki, mai nauyin da sai mutum huɗu suka sauke shi. Gadon mahaifiyarta ne, tana so a sabunta shi ya shiga kayan ɗakin ɗiyarta da za a kai a watan Agusta. Ya daɗe a sito, kuma wani muzuru ya mai da shi wurinsa. Wanda bai sani ba, muzuru idan yana shata iyakarsa ba tsugunawa yake yi ba. Tsayawa yake, ya ɗaga wutsiya, ya feso fitsarin a jikin abu. To fitsarin ya riƙa gangarowa ta gefe da ta baya yana taruwa a ƙafafu, kuma gindin ƙafar katako, inda zarto ya yanka, shan ruwa yake kamar kara. Ƙafafun baya biyu sun yi baƙi ƙirin har kusan taƙi guda.

Maigida ya leƙa ya toshe hanci, ya ce a wanke da bilic, a shanya kwana biyu, a goge a fesa banish, gadaje uku suna jirana.

Kuskurena na farko a nan yake. Na ja kabad ɗin ɗakin baya, na tura ƙofa saboda ƙura, na kwarara masa bilic. Ban yi minti biyar ba idona ya fara raɗaɗi, maƙogwaro ya kama, na fito ina tari hawaye na zuba. Daga baya na gane abin da na haɗa: tsohon fitsari cike yake da amoniya, kuma amoniya idan ta gamu da bilic tana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Allah ne ya kiyaye. Har yau idan na ga mace tana zuba bilic a inda mussa, wato kyanwa, ta yi fitsari cikin rufaffen ɗaki sai gabana ya faɗi.

Bayan kwana biyu a rana wari ya ɗauke. Maigida ya shinshina ya ce shi ke nan. Ni kuwa na durƙusa na kai hanci gindin ƙafar, na ji wani ɗan abu can ciki, kaɗan ƙwarai. Na ce, «Maigida, ƙafafun ga sun sha da yawa. A bari in cire filawud ɗin baya in sake, in rage gindin ƙafafun.» Ya dube ni ya ce, «Kai za ka biya kuɗin filawud ɗin?» Na yi shiru. Wannan shirun shi ne babban laifina, kuma ban taɓa musun sa ba. Na goge, na fesa gaba da gefe har suna ɗaukar ido, na bar baya da ƙasa tsirara kamar yadda muka saba, tunda ba a ganinsu. Hajiya ta zo ta gani ta yi ta sa albarka, har ta ba ni tukuici.

Sai damina ta sauka. An kai amarya, an jera kaya, ɗaki a rufe, ga laima a iska. Cikin mako guda warin ya dawo, kuma ya fi na farko. Yarinya ta riƙa cika ɗakin da turaren wuta, shi kuwa turare ba ya kashe warin nan, haɗuwa suke yi su zama wani abu mai hawa kai. Dangin miji suka shiga suka fito, magana ta fara yawo wai amarya ƙazama ce. Yarinya ce da ba ta yi wata guda a gidan miji ba.

Ba zan manta zuwan Hajiya ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya a bakin shago ta ce, «Kun kunyata mani ɗiya.» Maigida ya miƙe, a gaban yara da maƙwabta da mai shayin da ke gefenmu, ya nuna ni ya ce, «Wanga yaro na yay yi aikin, Hajiya. Sai da nac ce mai ya canza bayan, ya ƙiya.» Na buɗe baki na rufe. Ubangidanka ne, a gaban jama'a, me za ka ce? Ya riƙe min kuɗin aikina na wata biyu, ya ce da su za a gyara. Hajiya ta kalle ni kallo ɗaya ta juya. Na fi jin zafin kallon nan a kan kuɗin.

Kabad ya dawo shago, aka jingine shi a kusurwa, ba mai son kusantarsa. Ana nan sai wani likitan dabbobi da ya yi karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya zo karɓar bencin da muka yi masa. Tun daga ƙofa ya ce muzuru ne wannan, kuma ba fiɗiyayye ba. Ya zauna ya yi min bayanin da ya sauya min aiki gaba ɗaya. Mussa asalinta dabba ce ta jeji mai ƙarancin ruwa, shi ya sa fitsarinta ke da kauri fiye da na yawancin dabbobin gida. Wari biyu ne a cikinsa. Na farko amoniya, wadda ke fitowa idan ƙwayoyin cuta suka ruɓar da fitsarin, ita ce mai sukar hanci. Na biyu daga wani sinadari ne da ake kira felinin, wanda muzuru ya fi mace yawansa nesa ba kusa ba, idan ya narke yana ba da wari irin na farar wuta. Sannan akwai gishirin yurik asid da ke daskarewa cikin ramukan katako. Ruwa da sabulu ba sa narkar da shi sosai. Idan ya bushe sai a ji shiru, da laima ta taɓa wurin sai wari ya taso.

Nan na gane abin da ya same mu. A garin da ake yin wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa, rani yana rufa wa kowane kafinta asiri. Ka shanya abu a Afrilu ko a hunturu, hanci zai ce maka ya warke, alhali bushewa kawai ya yi, yana jiran Yuli da Agusta.

Mako uku na yi a kan kabad ɗin nan, bayan an tashi aiki, da kuɗin aljihuna. Likitan ya ce in nemi irin fitilar nan mai haske shuɗi da ake duba jabun kuɗi da ita. Da dare na kashe wuta na haska, sai ga sawun fitsarin yana ƙyalli, layi-layi daga tsakiyar gefe zuwa ƙasa, har da wuraren da ban taɓa zato ba, cikin ramin da aljihun ƙasa ke shiga. Na zagaye su da alli. Na kankare banish ɗin da na fesa da hannuna, na goge har na kai ga katako tsantsa. Filawud ɗin baya na cire na ƙone. Gindin ƙafafu huɗun na rage da zarto daidai wa daida, don a nan abin ya fi nutsewa.

Daga nan na haɗa farin khal, wato binega, da ruwa, rabi da rabi, na riƙa dannawa da tsumma, ba kwarara ba, don katako idan ya sha ruwa da yawa yana kumbura ya tsage. Khal yana karya amoniya. Na bar shi ya bushe a inuwa, sannan na barbaɗa bekin soda ya kwana, da safe na share. Kada a zuba su tare, kumfa kawai za su yi su kashe ƙarfin juna. Amma abin da ya yi ainihin aikin shi ne ruwan wanki mai enzayim, wanda aka yi musamman don fitsarin dabbobi, shi ke cinye abin da ya daskare a ciki. Ban same shi a kusa ba, sai da likitan ya sa aka kawo min. Sirrinsa kuwa, yana aiki ne muddin yana jiƙe, kuma a iskar garin nan nan da nan yake bushewa. Sai na riƙa shafawa in lulluɓe da leda ya yi awanni, in buɗe ya sha iska, in sake. Sau huɗu na maimaita a ƙafafun baya.

Baƙin da ya rage na bi shi da haidirojin ferokzayid na kemis, mai kashi 3 cikin 100, a tsumma. Yana hasken katako, don haka sai da na sake daidaita launi daga baya, kuma ba a haɗa shi da khal a mazubi ɗaya. Wani dattijo ya ce in gwada kanwa. Na gwada a guntun madaci tukuna, sai ga shi ya ƙara duhu, na bar ta. A ƙarshe na shafe shi da shelak, wani irin man shafe katako, ciki da waje, baya da ƙasa, har gindin ƙafafu, domin shelak ya fi banish riƙe wari, sannan na ɗora banish a kai.

Kafin in shafa shelak ɗin na yi abin da ya kamata in yi tun Afrilu. Na jiƙa tawul na shimfiɗa a wurin, na ajiye kwanon ruwa a ciki, na rufe ƙofofin, na lulluɓe kabad ɗin ya kwana. Da safe ban amince da hancina ba, don hancin da ya yi mako uku cikin wari ya saba. Na kira mai shayi ya shinshina. Ya ce katako kawai yake ji. Tun daga ranar babu kayan da mussa ta taɓa da ya fita daga hannuna ba tare da ya kwana da jiƙaƙƙen tawul ba, ko da maigida na tsaye a kaina yana ƙirga gadajen da ke jira.

Ni na raka kabad ɗin gidan amarya. Hajiya na can. Na durƙusa na ce, «Inna, a yi haƙuri.» Ban ce mata komai kan wanda ya hana a sake filawud ba. Ta buɗe ƙofar kabad ɗin ta sa kai ciki ta daɗe, sannan ta ce, «Allah shi yi maka albarka, ɗana.» Maigida kuwa ya riƙa gaya wa mutane cewa shagonsa na da maganin warin mussa, kuma aiki ya riƙa zuwa ta wannan hanyar shekara biyar. Ni ke yi, shi ke karɓar kuɗi da yabo.

Sauran abubuwan na tsince su a hanya. Katakon nan na matsattsen gari, irin na kayan ɗakin zamani, idan ya sha fitsari ya kumbura ba ya gyaruwa, a cire allon a sake. Soson kujera ko katifa idan abin ya kai tsakiya, sake soso ya fi sauƙi da gaskiya. Kafet a danna da tsumma tun yana ɗanye, kada a cuɗa, kada a sa ruwan zafi ko dutsen guga, zafi yana kafa tabon da warin. Tumtum na fata a zazzage cikinsa a sake, fatar a goge da ɗan khal mai ruwa sannan a shafa mata mai, in ba haka ba ta bushe ta tsattsage. Darduma da kayan sawa a fara da ruwan sanyi. Mussa kanta ba najasa ba ce, hadisi ya zo da haka, amma malamanmu sun ce fitsarinta najasa ne, don haka darduma wanki take so na tsarki, ba turare ba. Duk ruwan goge-goge mai amoniya a nisance shi, don mussa na jin sa kamar fitsari ta dawo ta ƙara a wurin.

Kuma ku daina dukan dabbar. Wadda ta saba fita waje ko zuwa kan yashi, sai kwatsam ta fara yi a kan kaya, sau da yawa ciwon mafitsara ne ko na ƙoda, a kai ta wurin likita. Muzuru kuma fiɗiya na rage masa feshin da ƙarfin warin.

Ga yaran da na bari a shago, idan kun ga abin da zai ɓaci ku faɗa, in an ƙi ji ku sake faɗa a gaban wani, don ranar da mai kaya ya dawo kada a ce ba ku faɗa ba. Ni sau ɗaya na faɗa, ba kowa a wurin sai ni da shi.

Ranar Alhamis, da nake miƙa makullin, na ɗan tsaya ko zai ambaci kuɗin wata biyun nan, ko ya ce ya tuna wa ya hana a sake filawud. Ya yi min addu'a mai tsawo, ya ce in riƙa leƙowa, bai ambata ba. Na kama ɗan shago a wajen Arkilla, ban gama sa masa ƙofa ba tukuna. Aikin farko da ke jirana gadon jikar Hajiya ne, ita da kanta ta aiko a nemo ni.