Godiya ga waɗanda suka fito da ni daga daji

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Jiya aka zauna a kan kundina na digiri na uku, wanda na rubuta game da cimfanzi, babban birin nan marar wutsiya, malamai suka yi tambayoyinsu, aka ce in fita, aka sake kirana aka ce an amince, sai 'yan gyare-gyare. Tun daga lokacin wayata ba ta huta ba, ni kuma gajiyar da ke jikina ba za ta bar ni in bi kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta a nan kowa ya gani. Wanda bai samu amsata ba ya yi mini uzuri, wallahi na ga saƙonsa.

Ba sai na maimaita labari ba. Kun bi shi tun daga ranar da aka ce an fito da ni daga dajin Gashaka na jihar Taraba, inda nake bincikena, da karaya a cinya, har zuwa tiyata, da zazzaɓin da ya biyo baya, da koyon tafiya da sanda. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne yadda aka fito da ni ɗin.

La'asar ce sakaliya, damina ta yi nisa, rafin da muke tsallakewa kullum ya kawo ruwa. Dutse ya juye a ƙarƙashin ƙafata. Ban san yadda aka janyo ni bakin gaɓa ba, na dai farka na ga Baba, jagoranmu mai bin sawu, ya ɗaure mini ƙafar da sanduna biyu da rawaninsa, samari biyu da muke tare da su kuma suna ta saran itace. Babu sabis a wajen, sansani yana da nisa, duhu yana tahowa. Da na juya na ga abin da suke haɗawa da itacen da tamfol, gabana ya faɗi, domin bai yi mini kama da komai ba sai makara. Na fara kalmar shahada a hankali. Baba ya ji, bai hana ni ba, ya bar ni na kai aya. Can a saman itatuwa sai namijin birin nan mai farin hanci ya yi kira. Baba ya ɗaga yatsa ya ce, "Kin ji shi, 'yata? Cewa yake yi a tashi a tafi. To mu ma tafiya za mu yi."

Na san wannan kiran daga takarda. A 2006 masu bincike Kate Arnold da Klaus Zuberbühler suka wallafa a mujallar Nature abin da suka gano a wannan dajin: namijin yana da kira iri biyu, ɗaya ya fi yin sa idan ya hango gaggafa, ɗayan kuma idan akwai haɗari a ƙasa kamar damisa, amma idan ya jera su biyun a tare, garken ya kan tashi ya yi gaba. Baba bai taɓa karanta wannan ba, kunnensa ne ya koya masa tun kafin a haife ni. Daren nan duka suna ɗauke da ni, suna karɓa-karɓa a kan tudu mai santsi, shi kuma yana gefena riƙe da tocila yana jefo mini tambayoyi kamar ɗan makaranta. Wace itaciya cimfanzi ya fi son kwana a kai? Me ya sa na nan suke tsoma sanda su ci kwarkwasa, su zaƙulo zuma, amma ba a gan su suna kamun gara ba kamar na Gombe a Tanzaniya da mai bincike Jane Goodall ta gani a 1960? Ya fi ni sanin yawancin amsoshin. So yake kada in yi shiru. Duk lokacin da muryata ta yi ƙasa sai ya ce, "Ban ji ba, Malama, ƙara faɗa."

Baba, na san ba ka son a ambace ka, ka ce aikin Allah ne. Ka yi haƙuri, yau sai na faɗa. Allah Ya saka maka da Aljanna Firdausi, Ya jiƙan mahaifanka, Ya raya maka zuri'a, Ya sa kada ka wulaƙanta a duniya da lahira.

Sai ƙaramin cikin samarin, wanda kafaɗarsa ta saɓule da ɗaukata. Gari na wayewa ya koma bakin rafin shi kaɗai ya nemo jakata, da littafin rubutu da na'urar GPS da kwalaben samfur a ciki. Ya shanya littafin shafi-shafi, ya sa dutse a kan kowane gefe don kada iska ta kwashe. Ƙanena, da wannan littafin ya tafi da ruwa, da jiya ba ni da abin da zan kare.

Wataƙila wasu ba su san dalilin da ya sa nake nanata wannan ba. Cimfanzin Gashaka ba su saba da mutum ba, kana iya yin makonni ba ka sa su a ido ba. Da abin da suka bari muke sanin su: kashinsu da muke wankewa a rariya mu ga 'ya'yan itacen da suka ci da irin da suke yaɗawa cikin daji, sandunan da suka yar a bakin ramin kwarkwasa, da sheƙar da kowane babba yake lanƙwasa rassa ya yi sabuwa kusan kowane dare. Da sheƙar ake ƙiyasta yawansu, amma lissafin ba ya tsayuwa sai an san tsawon lokacin da sheƙa take ɗauka kafin ta ruɓe ta ɓace. Dole a sa wa sabuwar sheƙa alama, a riƙa komawa ana dubawa har ranar da ta watse. In aka samu giɓi a tsakani, aikin ya lalace. Ina kwance a asibiti na riga na cire rai da babin kundina da ya shafi sheƙun. Ashe Baba da yaransa ba su fasa zagaye ba. Cikin ruwa da laka suka ci gaba da bin sheƙun nan, suna rubuta kwanan wata da yanayin kowace, ba tare da an yi musu alkawarin ko sisi ba. Jiya malamin da aka gayyato daga waje ya ce wannan babin ne ƙashin bayan kundin. Na gaya masa su wa suka yi shi, kuma sunayensu suna shafin farko.

Ban ɗauki wannan aikin da wasa ba, su ma haka. Cimfanzin Najeriya da Kamaru shi ne mafi ƙaranci a cikin ire-iren cimfanzi huɗu na duniya. Ƙiyasin da aka fitar a 2011 ya ce tsakanin 3,500 zuwa 9,000 suka rage, kuma macen sai ta yi kamar shekara biyar tsakanin haihuwa da haihuwa, don haka duk wadda aka harbe ba a mayar da gurbinta da wuri. Gashaka-Gumti, da aka mayar gandun daji na ƙasa a 1991, shi ne mafi girma a Najeriya, kuma yana cikin 'yan wuraren da suka rage musu. Ga farauta, ga gobarar daji, ga masu saran madobiya. Jami'an gandun da ke kwana a daji suna tsaron wurin, waɗanda suka tarye mu da babur a bakin hanya da asuba, Allah Ya tsare ku kamar yadda kuke tsarewa.

Farfesa, kin zauna a bakin gadona da kwamfuta a cinyarki kina karanta mini babi na uku don ba na iya zama. Kin nemo mini ƙarin lokaci ba tare da na roƙa ba. Allah Ya ƙara miki lafiya da ɗaukaka. Likitan ƙashi da ma'aikaciyar jinyar dare, wadda take juya ni tana ba ni haƙuri kamar ita ta ji mini ciwon, Allah Ya biya ku. Abokan karatu da suka ba da jini, da wanda ya kwana a ɗakin gwaji yana kula da samfurina, na gode, na gode.

Mama, ke kam ba ni da bakin gode miki. Kin kwana a kan tabarma a ƙasan gadona har ƙafafunki suka kumbura, ba ki taɓa cewa "ai na gaya miki" ba. Yaya, ka bar aikinka ka yi ta jigila. Akwai waɗanda na yi ta duban ƙofa ina sa ran ganinsu, jini ɗaya muke, ko waya ba su ɗaga ba. Na ji an ce wai mai bin birai a daji ita ta jawo wa kanta. Ba komai, na bar wa Allah, na kuma yafe.

Ya Allah, duk wanda ya taka ƙafarsa, ko ya buɗe aljihunsa, ko ya ɗaga hannu cikin dare ya ambaci sunana, Ka yaye masa damuwarsa, Ka ba shi mai ɗaukarsa ranar da ƙafarsa ta gaza. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka jiƙan waɗanda suka riga mu. Likita ya ce ba zan hau tudu ba sai baɗi. Su Baba kuwa za su koma zagaye da zarar rafuka sun janye, don Allah ku sa su a addu'a.