Kunkurun da ya hana ni barci

Jiya har ƙarfe 2 na dare ina fama da Ubuntu ɗin (wani nau'in Linux) da na girka a cikin VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar tafiyar da wata kwamfuta a matsayin baƙuwa a cikin taka. Tafiya yake kamar mai jan ƙafa, buɗe fayil ɗaya sai ka sha shayi ka dawo.

Na buga umarnin lscpu a cikin Ubuntu don in ga mai masaukin da baƙon (wato Ubuntu) ya gane, sai ga KVM, mai masauki na Linux, a rubuce maimakon VirtualBox. Na ce to fa! Ni da ban taɓa sa KVM a kwamfutar nan ba? Nan na ɓata kusan awa biyu ina neman gyaran abin da lafiyarsa ƙalau. Ashe da gangan VirtualBox ke yi wa Linux shigar KVM. Baƙon yana tambayar firosesa ta umarnin CPUID, sunan da aka miƙa masa a 0x40000000 shi zai faɗa maka, ba ya ja da kowa.

Ainihin matsalar tana can ƙasan tagar VirtualBox: ɗan koren kunkuru da na ɗauka ado ne. Ma'anarsa Hyper-V, mai masauki na Windows, ya riga ya riƙe VT-x, fasahar firosesa da ke sa baƙo ya yi sauri, VirtualBox raɓawa kawai yake yi. Kuma laifina ne, ni na kunna WSL2 (hanyar tafiyar da Linux a cikin Windows, wadda ke dogara da Hyper-V) watannin baya na manta.

Na buga bcdedit /set hypervisorlaunchtype off a Windows don in kashe Hyper-V, na kashe Memory Integrity (wani tsaron Windows da shi ma ke dogara da Hyper-V), na sake tayar da kwamfutar. Kunkuru ya ɓace, Ubuntu ya kama gudu.

Sai da safe na tuna WSL2 ba zai tashi a haka ba, ga aikin ofis a ciki.