Wusasa: inda jikoki ke karanta wa kakanni Littafi Mai Tsarki

Daga tashar Kawo a Kaduna na hau motar Zariya, tafiyar kusan kilomita 80. Wanda ya nufi Wusasa a Ɗanmagaji zai sauka, kada ya bari a zarce da shi Kwangila, sai ya hau Keke Napep zuwa gindin dutse. Nan tsohuwar majami'ar St. Bartholomew take, ginin ƙasa irin na magina Hausawa, tun wajen 1929, bayan da mishan ta CMS, ƙungiyar masu wa'azin bishara ta cocin Anglican, ta baro cikin birnin Zariya. Likita Walter Miller na wannan mishan ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. A garin nan Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Abin da ya fi riƙe ni sujadar safe ce a gidan da na sauka. Ana farawa kafin yara su yi shirin makaranta, ba ta wuce minti 15. Waƙa ɗaya, sai jika ya karanta ayoyi biyar ko shida da babbar murya, kaka na gyara masa ƙ da ɗ, mai gida ya yi tambaya ɗaya a kan abin da aka karanta, a rufe da Addu'ar Ubangiji. Ayar hadda guda ce tak a mako, ranar Asabar kowa ya biya, har manya. Dattijuwar gidan ta ce mini: "Ɗana, in ka tsawaita, barci za su koya."

Inda abin ke lalacewa a bayyane yake. Iyaye su sallama wa makarantar Lahadi aikin duka, alhali awa ɗaya ce a mako, ayar Maimaitawar Shari'a 6:7 ta Littafi Mai Tsarki kuwa a zaune cikin gida da kan hanya ta ce a koyar. Sai matsalar harshe, wadda ta fi damuna: yaron da ya haddace komai da Turanci a makarantar kwana yakan dawo hutu ya kasa bin addu'ar kakarsa, ya yi shiru, a ɗauka taurin kai ne. Maganin da gidan suka samo shi ne a ajiye fassarori biyu, ta Hausa da ta Turanci, a kan tabarma, a karanta ayar da Hausa tukuna.

Da la'asar na leƙa majami'a, na tarar da 'yan Zumuntar Mata suna koyon waƙa, kusan kowace da ɗiya ko jika a gefenta tana amshi. Kafin magariba na koma Ɗanmagaji neman motar Kaduna.