Daren da na kwana a Rigachikun

Har yanzu ban gama jinjina abin da wata baiwar Allah ta yi mana ba. Motarmu ta taso daga Zariya bayan la'asar, muna dab da shiga Kaduna sai inji ya ɗau zafi, direba ya faka a bakin titi a Rigachikun. Magariba ta kawo kai, ruwa ya tsuge, ga goyo a bayana, wayata kuma babu caji. Jirgin ƙasan da zan hau zuwa Abuja sai washegari da safe, kuma ba ni da kowa a garin.

Wata dattijuwa mai tuyar ƙosai ta leƙo daga rumfarta ta ce, "'Yata, mai goyo ba ta tsayuwar titi cikin ruwa. Taho mu je gida." Ko sunana ba ta tambaya ba sai da na ci tuwon masara da miyar kuka na ƙoshi. Ta ba ni busasshen zane, ta shafa wa yarona man kaɗanya a ƙirji saboda sanyi, ta bar mana katifarta ita ta koma tabarma. Wannan ne ya fi taɓa min zuciya, don na ga yadda take dafa gwiwa kafin ta miƙe.

Da asuba ɗanta ya ɗauke mu a adaidaita, ta Kawo, har tashar Rigasa. Kafin mu fita na miƙa mata kuɗi na ce, "Mama, ga wannan ba yawa." Ta mayar min da hannuna: "Ki saya wa jikana madara."

Allah ya ba ta lafiyar ƙafa, ya saka mata da Aljanna.